Waken da Ya Shiga Uwar Tukunya

A unguwarmu ta Illela, iri ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai wata babbar tukunya a ɗakin gwaggon mijina, cike da irin wake cikin toka, muna ce mata uwar tukunya. Kowace mace na iya ɗiba ta shuka, ba a hana kowa. Zubawa ce ke da doka.

In kin samo sabon iri, sai ki shuka shi a kunya dabam. In ya yi, ki kawo shi da kwansonsa, a dafa, matan da ba danginki ba su ɗanɗana. Sannan Gwaggo ta keɓe tsohon iri a gora, ko da sabon zai ci amana.

To, a shekarun nan da ruwa ke ɗaukewa da wuri, wana da ke fatauci ya kawo mini wake daga Ƙonni, mai saurin nuna. Na shuka. Kai, zo ka ga 'ya'ya! Na maƙwabta na fure, nawa har ya bushe. Na ce wallahi sai kowa ya samu. Da kaka ta yi na roro shi, na haɗa da wani jan wake da na gwada daga Kalmalo, na sheƙa gidan Gwaggo da ƙwarya a ka.

Gwaggo ta fasa kwanso, fari. Ta fasa wani, ja.

"Mi na wanga, ɗiyata?"

"Iri ne, Gwaggo, har biyu!"

"Biyu a ƙwarya guda? In tukunya ta lalace, wanne za mu kama?"

Maƙwabciyata ta ce, "Ai fate ta damo mana!" Mata suka bushe da dariya.

Gwaggo ta ce in akwai sauran na Ƙonni a kunyarsa, in kawo shi shi kaɗai. In babu, sai baɗi. Ga shi an kusa sakin dabbobi cikin gonaki.

Da gudu na tafi, zane a hannu. Na durƙusa ina ɗaga ganye, ina bin kunya da gwiwa, har na cika bakin zane.

Aka dafa. Maƙwabciyar nan ce ta fara tauna, ta ƙara miƙa hannu. Gwaggo ta cika gora da tsohon iri, ta toshe, ta buɗe bakin tukunya.

"Zuba da hannunki."

Na yi bisimilla na zuba. Ban san sadda guɗa ta kuɓuce mini ba.