Kakar da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Sun ci kofin, amma ba da yayana ba. Yana zaune a falonmu na unguwar Shumaisi, lulluɓe da bargo, aka ci. Na faɗa muku tun yanzu don kar wani ya zauna jiran daɗi a ƙarshe. Babu.

Ɗazu na fito daga jarrabawar ƙarshe ina tsalle kamar zararriya, wallahi har da rawa a bakin get. Sai na bi ta gaban wani mai shayi, ƙamshin na'ana'a ya dake ni. Shi ke nan, murna ta tsere. Shayin da Umma ke dafa mana ke nan duk Asabar a waccan kakar, ina 'yar firamare.

A Riyad aka haife mu. Baba ma'aikacin jinya ne a wani asibitin kuɗi, dukkanmu kuma a kan iƙamarsa muke, wato katin zaman ƙasa. Yaya a lungu ya koyi ƙwallo, cikin yaran Sudan da na Yaman. Ƙafarsa ta hagu bala'i ce, tambayi tagogin maƙwabta. Da ya tafi karatu Amurka, kocin jami'arsu ya gan shi yana doka ƙwallo, ya ɗauke shi, makaranta ta ɗauke masa nauyin karatu.

Wasan ba irin namu ba ne fa. Ƙwallon kamar gwanda, ga ƙarti da hulunan kwano suna ta bangazar juna. Aikin Yaya ɗaya ne: ya shigo, ya doka ta wuce tsakanin sanduna biyu, ya fice. Tsakar ranarsu ita ce isha'inmu, don haka ana idar da salla sai mu baje a gaban laftof ɗin Baba. Kawu, ƙanin Umma mai karatun shari'a, yakan taso daga unguwar Badi'a da burodi mai zafi a leda. Intanet ɗin kuwa ɗan rainin wayo ne, sai Yaya ya ɗaga ƙafa yake maƙalewa.

"Wai duk jirgin nan da ya hau don ya shiga ya fita ne?" in ji Umma.

"Ki bar shi," in ji Kawu. "Ya samu aikin da ko gumi babu. Ni ma da na sani!"

Baba yakan ɗaure fuska kamar abin bai dame shi ba. Amma ya musanya aikin Asabar da abokansa kaf, kuma in ƙwallo ta shiga, ƙafarsa ce ke fara motsi a ƙarƙashin jallabiya.

An fara kakar cikin zafi, esi na gurnani har ba ma jin mai sharhi. Aka shiga sanyin Riyad mai tsaga leɓe, muka koma cikin barguna. Su kuwa sai ci suke. Jami'ar da ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe ba, ga ta a bakin ƙofa.

To ga inda aka yi ɓarin. Duk mai iƙama in ya fita ƙasar, akwai ranar da dole ya dawo. In ya wuce ta, zamansa ya mutu. Ranar kuma da lissafin Hijira ake rubuta ta. Bara ta faɗo bayan an gama wasanni, sai Baba ya ɗauka bana ma haka ne. Mutumin da yake lissafa azumi da ka, ya manta shekarar Hijira gajera ce, kullum matsowa take. Kawu ne ya gano, yana kallon kalandar bango mai kwanan wata biyu. Ranar ta faɗo cikin makon wasan ƙarshe, kafin Asabar.

Mafita ɗaya ce: Baba ya je wurin kafil, wato masu asibitin, ya ga mudir, shugabansu, ya roƙi takardar ƙarin wa'adi. Ina laɓe a bayan kujera Yaya da Baba suka yi kiran bidiyo.

"Baba, Asabar ɗaya ce kawai. Don Allah ka yi musu magana."

"In shiga ofis ɗin mudir in ce masa me? Ɗana na wasa? Kwantiragina na kan teburinsa yanzu haka."

"Koci ya ce in na tafi..."

"Kocin ne ya haife ka? Kalas, magana ta ƙare. Ka hawo jirgi."

Yaya ya hawo. Bai taɓa yi wa Baba musu ba, ranar ma bai yi ba.

Ranar Asabar Baba ya karɓi aiki da kansa, ya fice tun la'asar. Mun yi niyyar ba za mu kalla ba, Yaya ne ya buɗe laftof ɗin. Wasa ya yi zafi, ana kankankan har sakannin ƙarshe. Sai aka turo wanda ya maye gurbinsa, wani siririn ɗan ajin farko. Ranar intanet ɗin nan ko tari bai yi ba, tar muka gani. Yaron ya doka, ta shige. Kawu ya manta kansa ya zabura da kabbara, sai ya haɗiye rabinta. Abokan Yaya suka ɗaga yaron sama.

"Ya iya," in ji Yaya. Ya rufe laftof.

Da ya koma bayan hutu, an ba wa yaron gurbinsa. Tallafin karatu ya bi gurbi. Kafin zafi ya dawo, Yaya ya dawo, babu digiri.

Abin da ke ci min rai shi ne iƙamar da aka ceto ɗin. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka aka ɗora wa iyalan baƙi haraji, asibitin kuma ya ce wa Baba ya gode, ya sallame shi. A taga ɗaya aka soke ta gidanmu duka. Yanzu Baba da Umma suna Zariya. Ni gurbin karatu ne ya dawo da ni Riyad. Yaya yana nan ma, a wani sito a unguwar Sulai, yana lodin tayoyi ƙarƙashin nasa kafil. Ba ya kallon kowace irin ƙwallo. Duk Juma'a yana kiran Baba, su gaisa da ladabi, su tambayi lafiya da ruwan sama, su kashe.

Yau ƙarin wa'adin nan a waya ake yin sa. Wancan hutun ina kwance ina cin cingam aka yi min nawa, ko cingam ɗin bai salance ba. Ban ce Baba mugu ne ba. Tsoro ne, irin na mutumin da ya tsufa a ƙasar da koyaushe za a iya ce masa ya tattara. Na gane. Amma haushin bai tafi ba, don har yau ba wanda ya san abin da mudir zai ce. Ba a tambaye shi ba.

Don Allah ku tura wannan gaba, musamman guruf-guruf na iyayenmu na nan. Kafin a ce wa yaro ya hawo jirgi, a fara ƙwanƙwasa ƙofar mudir tukuna.