Tuwon Hagu a Majigi

Duk lokacin da janaretan maƙwabcina ya tashi bayan isha'i, sai in tuna ranar da motar majigi ta zo Tambuwal da babana a cikin fim.

Shekarunsa biyu ke nan yana aiki a Kaduna, ba mu sa shi a ido ba. Sai labari ya zo cewa an ɗauke shi a wani fim na koyar da noma. Ka san yadda finafinan nan suke: manomi biyu ne kullum, mai hankali da wawa. Kakata ta wuni tana addu'a kada ɗanta ya fito a wawan.

Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Maza a gaba, mu mata da yara a bayansa, tunda hoton yana fitowa ta can ma. Sai ga Baba, shi ne mai hankalin, rumbunsa cike. Kaka ta yi guɗa. Aka ajiye masa tuwo, ya yanko loma da hannun hagu.

Guɗar ta tsaya mata a wuya. Mata suka fara ƙus-ƙus. A fim gero ya nuna cikin ƙiftawar ido, wannan bai dame ta ba, ta ce wasa ne. Amma lomar nan ta ɗauke ta da gaske.

"Wa yak koya mai cin tuwo da hagu? Ba ni ba!"

Kawuna ya zagayo daga wajen maza. "Inna, da dama yac ci. Ku ad daga baya, hoton a juye yake can."

Ba ta yarda ba. Ta ɗauki sandarta, ta riƙe hannuna, ta ratsa tsakiyar maza tana taka musu tabarmi. Muka tarar da Baba yana miƙa wa wani dattijo hannu, na dama, har da rusunawa. Sai ƙyallen ya yi fari.

"Yaro, maido min shi," ta ce wa mai majigin.

"Ki yi haƙuri Inna, gobe muna Kebbe."

Baba bai dawo ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a can Kaduna kafin girbi na gaba.

Yanzu jikokina suna kallon mutane na tashi sama a waya, su mayar da hoto baya yadda suka ga dama. Ni na yi cigiyar fim ɗin nan har na gaji. Ina kewar babana, kuma ban taɓa ganin ya ci tuwon nan ta gaba ba.