Mai Riƙe Sandar Awa Huɗu

Loretta Baczek direbar bas ce a Chicago. Ranar gudun fanfalaki, ita ke riƙe sandar masu son gamawa cikin awa huɗu, mutum talatin na biye da ita, tana daidaita musu gudu.

Suna shiga tsakanin dogayen benaye, agogunan auna gudu suka rikice, har da nata. Sai ta koma auna gudunta da numfashinta.

Wani dogo ya daka mata tsawa, "Baiwar Allah, ɗaga ƙafa! Wata biyar ina shiri!"

"Ga hanya nan, Malam," ta ce, tana ƙirga numfashinta.

Ya wuce fuu. A mil na ashirin suka tarar da shi zaune bakin titi, riƙe da ƙwauri. Ko waiwaye ba ta yi ba. Bas ba ta jiran wanda ya sauka da kansa.