Kiwon Rago Ta Waya

A shekarata ta uku a Dubai na yi kiwon rago, alhali ko kaza ba a yarda mutum ya ajiye ba a benen da nake haya a Abu Hail. Ragon yana Zariya, ni kuwa ina nan ina cike takardun kaya a wani kamfanin jigilar kaya da ke Al Rigga. Ragon na babbar 'yata ne, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiran ta Uwata. Shekarunta goma sha uku a lokacin.

Makarantarsu tana da ƙungiyar ƙananan manoma. Malamin aikin gona ya raba musu 'yan raguna, kowa ya kai gida ya kiwata, ƙarshen shekara a kawo su filin makaranta a jera, a ga na wanda ya fi. Ita ta samu wani fari mai baƙin kunne ɗaya, ramamme, ƙafafu kamar sillen kara. Da ta turo mini hotonsa sai na ce, "Uwata, rago aka ba ki ko alhaki?" Kwana biyu ta ƙi karɓar wayata.

Kafin zuwan ragon nan, hirarmu ba ta wuce layi biyu. "Yaya karatu?" "Lafiya lau, Baba." Sai ta miƙa wa uwarta wayar. Na bar ta tana ƙaramar yarinya, tana girma a bayan idona, kuma wallahi ban san me ake cewa da budurwa 'yar sha uku ba. Ragon ne ya ba mu abin faɗa. Duk Juma'a, ranar hutuna, ina dawowa daga masallaci sai in zauna a bakin gado, ita ta tsuguna a gindin turke, mu yi ta yi har kunnena ya yi zafi.

Kuma a nan ina da abin cewa, don mahaifina kiwon turke ya yi har ya bar duniya. Na koya mata ta riƙa jiƙa dusa da 'yar kanwa, ta adana harawa inda raɓa ba ta taɓa ta, ta duba tsakanin kofato, ta wanke shi da hantsi ba da yamma ba. Tana rubuta komai a wani ɗan littafi na ƙungiya. Rago ya murje, wuya ya cika, har ya fara tunkuyin ƙannenta. Ni ma kaina ya kumbura. Babu wanda ban nuna wa hotonsa ba a ofis, har direbanmu, wani mutumin Zangon Kumasi, ya ce, "Alhaji, khalas, ya isa, mun gani. Ragon nan ya kusa samun biza saboda yawan shigowarsa nan."

Ranar Litinin za a yi baje kolin. Juma'ar da ta gabace ta na ji muryarta a sanyaye. Ta je gidan wata 'yar ajinsu ta ga nata ragon, ya fi namu cika ido. Na ji abin har cikin raina, kamar ni aka raina.

Na ce, "Gobe da yamma ki jiƙa gero tiya guda ki ba shi, ya ci iya cinsa. Haka kakanki yake yi idan za a kai kasuwa."

Ta ce, "Baba, malam ya ce kada mu canza musu abinci farat ɗaya. Bai taɓa cin gero ba."

"Malaminku a littafi ya ga rago. Ni a cikin kashinsu na tashi."

Ta yi dariya, ta ce to. Dariyar ta yi mini daɗi ƙwarai, don na ji ta zaɓe ni.

Lahadi ranar aiki ce a Dubai a wancan zamanin. Wajen ƙarfe goma na safe ina cikin abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai, da takardun wani ɗan kasuwar atamfa a cinyata, waya ta yi ƙara. Ba ta taɓa kira na ranar aiki ba.

"Baba, ya ƙi tashi. Cikinsa ya kumbura ta hagu, yana cizon haƙora."

Injin jirgin yana ta ruri, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Na ce ta buga cikin da tafin hannu ta sa mini wayar kusa. Ban ji komai ba sai injin. Na ce ta ɗura masa man gyaɗa da ruwan kanwa, ta tashe shi ta zagaya da shi tsakar gida. Ta ce ya fi ƙarfinta, ita da uwarta sun ɗaga shi ya sake zubewa. Na ce a kira likitan dabbobi. Uwarta ta karɓi wayar ta tuna mini cewa can Lahadi ranar hutu ce, asibitin dabbobi a rufe yake, wanda suka sani kuma ya tafi ƙauye biki, malamin ma wayarsa a kashe.

Jirgi ya tsaya, matuƙin yana cewa yalla, yalla, mutane suna ture ni suna wucewa. Na fito na tsaya a bakin ruwa cikin ranar nan mai dafa mutum. A nan ne abin ya dawo mini sarai. Mahaifina bai taɓa fara wa rago da tiya ba. Da tafin hannu yake farawa, yana ƙarawa kaɗan kaɗan har tsawon makonni. Ni cikakken kwanon ranar ƙarshe kawai na riƙe a kaina, don shi ne abin burgewa. Na san inda yake sa hannu a cikin dabba idan ta kumbura, hannuna ma ya sani, amma hannun yana nan riƙe da takardun atamfa.

Na kai takardun. Na ma gaisa da mutumin, na sha shayin da ya ba ni. Duk rabin sa'a ina kira, tana gaya mini abin da take gani, ni ina cewa a ƙara mai, a ƙara kanwa, don dai kada in yi shiru. Bayan azahar ɗinsu uwarta ta ce in daina kira haka nan, ya mutu da kansa a cinyar yarinyar.

Na ɗauka ba za ta je makaranta ba washegari. Ta je, da rigar ƙungiya da ɗan littafinta, ta tsaya a layi inda aka rubuta lambar ragonta. Da yamma na kira, na shirya kalaman ban haƙuri tun daga cikin jirgin ƙasa, amma ta riga ni.

"Malam ya tambaye ni a gaban kowa me ya faru. Na ce ni na ba shi gero da yawa."

"Uwata, ai ni na sa ki. Ba ni lambarsa in gaya masa."

"Don Allah kada ka kira shi, Baba. Duk shekarar nan ina gaya musu babana ya fi kowa sanin rago."

Ta ce tana da aikin gida, ta miƙa wa uwarta.

Juma'a ta zagayo. Na dawo daga masallaci, na zauna a bakin gado inda na saba, na kira.

"Yaya karatu, Uwata?"

"Lafiya lau, Baba. Ga Mama."