Doyle Ratliff da Allon da Ba a Kafa Ba

"Kafin a buɗe farauta, ni da hannuna zan kafa sabon allo a bakin ƙofar daji. In ban yi ba, ku canja mini suna."

Vernon Maggard, kai ka faɗi haka a taron ƙungiyar mafarautanmu ranar takwas ga Maris, a matsayinka na shugaba. Ni ce sakatariya, ni na rubuta, kai ka sa hannu a ƙasa. Har yanzu ban samo maka sabon sunan ba. An buɗe farautar talotalon daji ranar sha biyu ga Afrilu, babu allo. Ranar Talata ashirin da biyu ga watan, wajen ƙarfe bakwai na safe, yayana Doyle Ratliff ya rasu a gindin wata bishiya a kan tudun Caney, yana da shekara sittin da bakwai. Curtis, mijin 'yarka, shi ya harbe shi.

Allon ba wani abin a zo a gani ba ne. Taswirar dajin ce a kan katako, da ƙusa a kowane tudu da kowane kwari. In ka zo da asuba sai ka rataya sunanka a inda za ka zauna, wanda ya biyo baya ya gani ya nemi wani wuri. Shekara talatin da ɗaya ana haka, ba a taɓa ɗauko kowa a makara ba. A watan Fabrairu iska ta kayar da itace a kansa. Doyle ya ce zai sassaƙa wani. Ka ce masa, "Haba Doyle, kai komai sai ka yi? Ka bar wa shugaba aikinsa." Ya bar maka.

Yaya, bari in juyo gare ka.

Ba ka taɓa riƙe bindigar zamani a dajin talotalo ba. Ka ce wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ita ke koya wa mutum kunya: harbi ɗaya gare ka, kuma sai tsuntsu ya matso taku ashirin. Taka ma kai ka ƙera ta, dutsen ƙanƙara ne ke ba ta wuta. Ina da shekara sha huɗu ka zaunar da ni a jikin itace, ka ce kada in motsa ko gira. Sauro ya yi biki a wuyana. Da na kai hannu, namijin talotalon da muka yi awa biyu muna lallashi ya juya ya tafi abinsa.

Ka ce, "Sannu Malama. A wane littafin aka ce a yi susa?"

Na ce, "A wanda aka ce a ba ƙanwa maganin sauro."

Ka yi dariya har sai da ka kwanta.

Akwai wani tsohon namijin talotalo mai dogon gemu da ka sa wa suna Alƙali. Bazara uku kana binsa. A ta ukun ya tsaya a gabanka, ka ja kunama, raɓa ta jiƙa albarushi, bindiga ta ce ƙyas ta yi shiru. Ka dawo gida hannu rabbana, kana ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Matarka Glenna ta ce, "To ina naman?" Ka ce, "Alƙali ya ɗage shari'a." Ba ka ƙara neman sa ba.

Wanda ka samu kuwa ba ya kwana a gidanka gaba ɗaya. Ƙirji na gidan gwauruwar Estill ne, cinya ta tsoho Hobart, har ya bar duniya. Ƙashin fiffike kake gogewa ka yi abin kiran talotalo da shi, kuma rabin mazan gundumar nan da naka suke kira, ko sisi ba ka karɓa ba. A ɗakin karatun da nake aiki kowa ya san littafin da ya biyo ta hannunka, don sai ya yi wata yana warin albarushi. Na yi maka faɗa ya fi sau ɗari. Kana da taurin kai, ba ka zuwa asibiti, kuma ba ka taɓa cewa na fi ka gaskiya ba ko da na fi ka.

Ga abin da ya faru, yadda Curtis ya gaya wa jami'in gandun daji, ina tsaye. Ya iso bakin ƙofa da asuba, bai ga abin da zai nuna masa akwai mutum a Caney ba, don kai da ƙafa kake hawowa ta bayan gidanka. Ya ji kukan macen talotalo, ya ɗauka namiji na kusa da ita, sai ya bi sautin da rarrafe. Dokar farko da ake koya wa kowa ita ce a zauna a kira, ba a bin kuka, domin mai kukan yana iya zama mutum. Ya ga wani abu ya motsa a cikin ganye, ya harba. Farin hayaƙi ya rufe masa ido, don shi ma irin bindigarka ya riƙe, wadda ake ɗura wa albarushi. Sai da hayaƙin ya washe ya ga abin da ya samu. Kukan da ya bi, kai ne kake kira. Ya ce bai taɓa jin ɗan Adam ya yi kuka irin na tsuntsu haka ba. Na yarda da shi. Ya ɗauko ka a kafaɗa har bakin hanya, kuma bai ɓoye komai ba. Hukuncinsa yana hannun hukuma.

Na ji ana raɗe-raɗi a shagon Slone wai jan ƙyalle ka fitar za ka share fuska. Ni na karɓo kayanka daga asibiti. Mutumin da ya hana ni sa farar safa a daji don kada a ɗauka kan talotalo ne, ba shi da jan ƙyalle a aljihu. Mai yaɗa zancen ya zo ya duba, kayan suna nan ban wanke ba.

A wajen jana'iza Vernon ya riƙe hannuna ya ce, "Marlene, kwana ne ya ƙare." Ban musa ba. Ni ma na yarda kowa da ranarsa. Sai dai ban taɓa karanta inda ƙaddara ta hana mutum ɗaukar guduma da ƙusa ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Glenna, wadda ta yi shekara arba'in da biyu tana dafa maka kofi kafin gari ya waye, da 'ya'yanku Darla da Renny, da jikoki biyar, da jama'ar cocinmu. Allah ya ba mu haƙuri. Ina roƙa wa Curtis ma sauƙi, don abin da ya gani bayan hayaƙin nan ba zai bar shi ba.

Saura kai, Vernon. Jiya da safe na ƙirga motoci shida a bakin ƙofa, mutum shida a cikin daji, babu wanda ya san inda ɗan'uwansa yake zaune. Dajin nan na mahaifinmu ne. Doyle ne ya buɗe wa ƙungiya shi, yanzu kuma magana tana hannuna da Glenna, mun kuma gama shawara. Kana da zuwa ranar Laraba talatin ga Afrilu, ƙarfe sha biyun rana. In na zo ban tarar da allo a tsaye ba, zan ɗaure ƙofar da sarƙa da kwaɗo, ba na bana kaɗai ba. Daga nan zan wuce ofishin gandun daji in ajiye musu littafin taro, a buɗe a shafin takwas ga Maris. Mazan da za su rasa wurin farauta kuwa, duk wanda ya tambaye ni dalili, gidanka zan kwatanta masa.

Marlene Ratliff