Mu Uku da Ruɓaɓɓiyar Igiya

Shekaru kaɗan bayan babbar yunwa, lokacin da aka fara share hanyar mota a ƙasarmu, ina cikin masu haƙar rijiya a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Wani mai hali ne ya karɓi aikin, shi ke ba mu dagi da igiya da hatsin ci. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa kuwa ba ya nuna kansa sai an yi nisa ƙwarai.

Wata safiya ina ƙasan rijiya, ana jan kwandon ƙasa sama, igiya ta tsinke. Kwandon ya sauko mini a ƙauri. Bafillacen Maigatari da ke jan igiyar da bijiminsa, ita ta fizge masa yatsu biyu. Dattijon da ke shugabancinmu, mutumin Gagarawa, ya kai hannu zai tare, kafaɗarsa ta goce, hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirjinsa ba. Igiya ɗaya, mutum uku.

Wata biyu na yi kwance da karan ɗori. Tun ranar da muka ji ciwo mai aikin ya tsayar da hatsinmu, ya ce wanda bai haƙa ba, ba ya ci. Da na fara dogara sanda, muka tafi wurin alƙalin da ke kusa da mu. Ya saurare mu da kyau, sannan ya ce ƙarar rauni ana kawo ta ne cikin kwana bakwai, kuma mai raunin da kansa zai zo. Banda haka, in ji shi, rijiya ba ta biyan diyya.

Dattijonmu ya ce, "Allah ya gafarta malam, ranar ta bakwai ɗin ko bayan gida ɗaukar wannan ake yi."

Alƙali ya ce shi ma haka ya tarar da tsarin. In ba mu yarda ba, babban alƙali yana Gumel.

Na koma gida jiki a sanyaye. Uwargida na tsince wake, ta ji labari. Ta tashi ta shiga bayan rumbu ta fito da guntun igiyar nan. Ashe ranar da aka kawo ni gida, da ita aka ɗaure gadon karan da aka ɗauko ni a kai.

Ta ce, "Malam, na ɗaure akuyata da ita, ko yini ba ta yi ba ta tsinke ta. Rijiya ce ta karya ka, ko wannan?"

Jaki ɗaya gare mu, na Bafillace. Muka yi shawara ni zan hau, tun da ƙafa ce matsalata. Dattijo ya ce ai shi ne babba. Bafillace ya ce, "Baffa, da hannu kake tafiya?" Muka yi ta dariya har ɗorina ya motsa. Haka muka kama hanyar Gumel, ni a sama rungume da igiya, dattijo a gaba yana bitar abin da zai faɗa da ƙarfi, yana yi wa kansa tambaya da muryar alƙali yana amsawa da tasa.

Duk ƙauyen da muka tsaya shan ruwa sai an tambaye mu ina zuwa. Da mun faɗa, sai a ce ai akwai wane, shi ma katanga ta danne shi a aikin gini, ba wanda ya waiwaye shi. Kafin mu shiga Gumel mun zama ayari: mai ɗingishi, mai ido ɗaya, wani da gatari ya sare a aikin hanya. Matan da ke daka a bakin gari suka ɗauka bara muka zo, wata har ta auno mana gero. Dattijo ya karɓa ya yi godiya, ya ce shari'a ba ta yiwuwa da yunwa.

Kwana biyu muka yi a ƙofar babban alƙali kafin a kira mu. An aika mai aikin ya zo, yana cikin babbar riga. Dattijo ya durƙusa, duk jawabin da ya haddace a hanya ya gudu. Sai kawai ya ce, "Allah ya gafarta malam, abu uku muke roƙo. A bar mutum ya warke kafin a ce ya makara. In ba zai iya tashi ba, ɗan'uwansa ya tsaya masa. Kuma kada a yanke masa hatsi yana kwance, don ciki bai san an karye ba."

Mai aikin ya ce ƙaddara ce, igiyarsa sabuwa ce. Na miƙa guntun. Alƙali, tsoho ne mai ƙaramin jiki, ya juya ta, ya shinshina, ya naɗa a hannayensa biyu ya ja. Ta rabu kamar zaren kaɗi. Muhuti, mataimakin alƙali, ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Alƙali ya ce, "Gaskiya ne rijiya ba ta biyan diyya. Amma mai ba mutane ruɓaɓɓiyar igiya yana biya."

Ya hukunta a ci gaba da auna mana hatsi har kaka, mai aikin kuma ya sa a nome gonakinmu daminar nan. Bafillace aka ba shi diyyar yatsunsa. Batun kwana bakwai, ya ce ba shi kaɗai zai sauya ba, sai ya kai gaba. Waɗanda suka biyo mu, wasu aka duba tasu, wasu aka ce ba shaida, suka koma hannu rabbana. Wannan ya rage mana daɗi.

Sai da aka ci damina biyu muka ji an aika wa alƙalan ƙauyuka cewa mai rauni yana iya tura wakili, kuma ba a ƙirga masa kwana sai ya tashi. Maganar hatsi ba a rubuta ta ba, amma masu ba da aiki suka shiga jin kunyar yankewa.

Ban ƙara shiga rijiya ba. Na koma tufka, ina zaune ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidana da kaba jiƙe a kasko. Nan masu rauni suka riƙa samuna, ni kuma in raka su ko in tsaya musu. Dattijo ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk inda ya ba da labarin nan, cewa yake ya yi jawabi tun hantsi har azahar, alƙali na hawaye. Mu da muke wurin ba mu taɓa ƙaryata shi ba.