Huɗun da ba su shiga lissafi ba

Shekarun baya, ranar da zan ba ku labarinta, mu biyar ne a tsakar gidana, a ƙauyenmu na gefen Ɗanzomo. Da ni, da ƙanwar marigayi maigidana, da maƙwabciyata wadda katanga ɗaya ta raba mu, da matar ɗana, sai 'yata. Kaka ce, an ciro zoɓo, muna zaune muna ɓarar sa, hannuwanmu duk sun yi ja. Ni ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. In kun ji na karkace a wani abu na boko, ku miƙe shi da kanku.

'Yar tawa aikin lafiya take yi a Gagarawa, sai ta ce za ta koma jami'a ta yi digiri na biyu. Na ɗauka likita za ta zama, har na fara yi wa matan unguwa alkawarin allura kyauta. Ashe karatun yadda cuta ke yawo cikin jama'a ne, da lissafin wa ta kama, wa ta kashe, wa ta tsallake. Na ce mata, "Wato karatun ƙirga gawa." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Karatun yana da sharuɗɗa kamar aikin hajji, in ka bar ɗaya sauran ba su tsaya ba. Ta zauna aji, ta yi jarrabawa. Ta lissafin ta kayar da ita, ta maimaita. Haihuwa ta zo ta ci mata wani lokacin. Abin da ya rage shi ne ta fita cikin jama'a da ƙafarta ta tattaro bayani, ta rubuta littafi a kai, ta tsaya gaban malamai su tsare ta da tambayoyi. Kuma makarantar tana da wa'adi. An gaya mata wannan ce shekararta ta ƙarshe, in ba ta kai aikin ba, duk wahalar baya ta bi ruwa.

Abin da za ta bincika kuwa mutuwar ƙananan yara ce a ƙauyukan Sule Tankarkar. Ta shiga gida, ta tambayi mace: nawa kika haifa, nawa ne a raye, waɗanda suka tafi me ya same su.

To mu a nan ba a ƙirga 'ya'ya. Kaji ake ƙirgawa. In aka ce miki 'ya'yanki nawa, ki ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Wanda ya koma kuwa, an ce miki haƙuri, kin ce haƙuri sai ma'aiki, an rufe. Ba a tonawa. 'Yata ta samo takardar izini daga makaranta, mai gari ya yarda, mazan gida sun buɗe mata zaure. Amma bakin mata ba a zaure yake ba. Su shimfiɗa mata tabarma, su dama mata fura, su tambaye ta lafiyar jaririnta, da ta ɗauko maganar sai wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce akuyarta ta kwance. Ina kallon ta kullum tana dawowa, tana ramewa, wuyanta har ya fito. Ni ba mai yawan magana da ita ba ce tun tana ƙarama.

Ranar nan ta dawo bayan la'asar, ta gaishe mu, ta zauna gefe ta ja zoɓo tana ɓara ba ta ko kallon hannunta. Maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya riƙe komai, ta ce, "'Yar boko, yau gawa nawa aka samo?"

"Ko ɗaya, Iya."

"Ai ba za ki samu ba. Ni fa gaskiya zan gaya miki, ba ƙin ki ake ba. Mata cewa suke, ga uwarta can, duk macen da ta rasu a unguwar nan ita ake kira ta yi mata wanka, amma wa ya taɓa jin ta ambaci nata? In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta."

Ƙanwar maigidana ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. A gaban Yaya kike wannan magana?"

"To ƙarya na yi? Ta fara da gida mana."

Na dubi 'yata, kanta a sunkuye. Na san abin da aka kashe na ƙarfi da lafiya a karatun nan, na ga yadda take goya jariri tana karatu da fitilar waya. Na goge hannuna a zani na ce, "Ɗauko abin tambayar taki."

Ta ce, "Inna, ba a gaban mutane ake yi ba. Ƙa'idar ita ce mace ita kaɗai, kuma sai ta yarda. Sannan ma gidanmu..."

"Tambaya za ki yi ko wa'azi? Na ce ki ɗauko. Su ma su zauna, ai don kunnensu ake yi."

Ta ɗauko wayar da tambayoyin ke ciki. Ta ce, "Haihuwa nawa kika yi?"

"Bakwai."

"Nawa ne a raye?"

"Ke da ƙannenki biyu."

Ta san an yi wasu kafin ita, don sunan da muke kiran ta da shi a gida irin wanda ake sa wa 'ya'yan wabi ne, wato macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma ba ta taɓa sanin ko nawa ba ne, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Ta ce, "Na farkon, mene ne sunansa?"

Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane nauyin wannan ba. Ɗan fari ba a faɗin sunansa. Yana raye ban taɓa kiran sa da shi ba, ban taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba, in ya yo wajena da rarrafe sai na kau da kai har kakarsa ta ɗauke shi. Haka aka koya mana, haka na yi. Ina jira ya girma, sai bai girma ba. Ranar nan na buɗe baki na faɗi sunan. Ƙanwar maigidana ta ja mayafi ta rufe fuska. A nan ba zan maimaita shi ba, sau ɗayan ya isa.

Shi da mai bi masa ƙyanda ce ta ɗauke su a bazara ɗaya. Tambayoyin ba su da tausayi. Ya yi zazzaɓi? Ƙurajen daga ina suka fara? Idonsa ya yi ja? Numfashinsa yana sauri? Haƙarƙarinsa yana shiga ciki in ya ja iska? Na ɗauka na manta. Ashe ba abin da ya tafi, komai yana nan a ajiye kamar kayan ɗaki da aka lulluɓe. Na gaya mata yadda leɓensa ya tsage, yadda ƙanwarsa ta daina kuka tun kafin ta daina numfashi.

Na ukun bai kai suna ba. Ya daina kama nono, jikinsa ya sandare, aka ce iska ce. Ta tambaye ni da me aka yanke cibiya, me aka shafa a kai. Na faɗa. Na ga ta runtse ido, ni kuwa ban tambaye ta dalili ba.

Ta ajiye wayar a cinya ta ce, "Inna, mu bari haka. Ƙa'ida ta ce ana iya tsayawa."

Na ce, "Ƙa'idarki ce, ba tawa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura ɗaya, ci gaba."

Ta huɗun ta kai yaye. Amai da gudawa. Maigidana yana Maigatari ya kai dabbobi, sai wansa ya ɗaura shanu a amalanke muka kama hanyar Gumel cikin yashi. Tambayar ta ce a ina ta rasu, a gida ko a asibiti. Na ce ba ko ɗaya. A bayana ta rasu, a goye. Na ji lokacin da ta yi nauyi. Ban gaya wa mai amalanken ba sai da muka hango gari, don ina ganin muddin ban faɗa ba, ba a gama ba.

Matar ɗana ta tashi ta shige ɗaki, muna jin kukanta. Ita ma bara waccan ta binne jariri, kuma abin da na ce mata a lokacin bai wuce haƙuri ba. Maƙwabciyata, mai bakin nan, ta kwashi kwaryarta ta fita ko sallama babu.

Da suka watse, rana ta yi ja, 'yata ta matso ta durƙusa. Ta ce, "Inna, abin da nake son gaya miki ɗazu kika tare ni. Gidanmu ba ya cikin gidajen da aka zaɓa. Ƙuri'a ake yi, ba ni ke zaɓa ba. Kuma yaran 'yan shekarun nan ake tambaya. Naki ba za su shiga littafin ba."

Na ce, "Maimaita."

Ta maimaita.

"Ko jaririn matar ƙanenki?"

"Ko shi. In kina son ki san ko hatsin rumbu ya yi ƙwari, ba duk rumbun kike juyewa ba, damƙa kike ɗiba nan da can. In na sa gidan da nake so, malamai za su ce na yi son kai, aikin duka ya lalace."

"Wato nawa su ne hatsin da ya rage a rumbu."

Na tashi na yi alwala. Ban taɓa jin haushin karatun boko kamar wannan magaribar ba. Na tone kabari huɗu a gaban mutane, ashe ko layi ɗaya ba za su samu ba.

Ta gama karatun. Ta tsaya gaban malaman, sun yarda da aikin, an ba ta takardarta. Littafin yana nan a ɗakina, na sa an juya min shi shafi shafi, duk lambobi ne da zane-zane, kuma na san huɗuna ba sa ciki. Har yau in na tuna, wurin yana yi min zafi, ba zan yi muku ƙarya in ce ya warke ba. Abin da na gane kawai shi ne, mu mun yi shiru don kada mutuwa ta ji mu ta dawo, ita kuwa ba ta taɓa jiran a kira ta ba. Shirun da muka yi bai hana ta komai ba, sai dai ya hana a san yawan ɓarnar da take yi. Wannan yarinya da na yi renonta da kau da kai, don kada a ga ina son ta a ɗauke min, ita ce ta zo ta zauna a gabana tana tambaya.

Amma a wannan ranar ban san za ta gama ba, ban ma san ko mata za su buɗe baki ba. Abin da na sani, labari ya riga ya tsallake katanga.

Da gari ya waye na yi sallah, na ɗauko mayafina na zuwa gaisuwar mutuwa na yafa. Na sami 'yata tana ba jariri nono. Na ce, "Wane gida ƙuri'ar taki ta fara faɗawa?" Ta faɗa. Na ce ta goya ɗanta ta biyo ni. Na shiga gaba, na yi sallama, matar gidan ta fito tana ganina ta sunkuyar da kai. Na ce mata, "Jiya na faɗi nawa, ba su shiga ba. Naki za su shiga." Na ja turmi na zauna a bakin ƙofa na juya musu baya, don ƙa'ida ta ce mace ita kaɗai.